Hukuncin wanda dokar kulle ta hana shi zuwa Juma'a

Tambaya (an yi ta ne lokacin dokar kullen korona ta shekarar 2020): Allah ya gafarta Malam, ni tela ne a cikin birnin Kano. Tun da aka sa dokar kulle saboda cutar korona ban taka masallacin Juma'a ba, yau mako na uku ke nan, kuma na taɓa ji a wa'azi cewa wanda ya bar Juma'a uku Allah yana toshe zuciyarsa. Abin ya hana ni barci. Maƙwabtanmu sun ce mu riƙa taruwa a zauren wani daga cikinmu, ɗaya ya yi huɗuba mu yi raka'a biyu. Shin hakan ya halatta? Kuma zaman gidan nan bai saɓa wa tawakkali ba?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, hadisin da ka ji tabbatacce ne, Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi daga Abul Ja'ad Ad-Damri, amma a cikin lafazinsa akwai ƙaidin da masu wa'azi kan tsallake, wato wanda ya bar ta don sakaci da wulaƙanta ta. Mutumin da ya yi wankan Juma'a ya tarar an garƙame ƙofar masallaci, har damuwar hakan ta hana shi runtsawa, ba shi hadisin yake nufi ba.

Shari'a ta sauke Juma'a a kan uzurin da bai kai annoba ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, a wata Juma'a da aka yi ruwan sama, ya umarci ladaninsa da ya ce wa mutane su yi salla a gidajensu, da ya ga kamar sun yi mamaki sai ya ce wanda ya fi shi alheri ya aikata haka, shi kuma ba ya son ya fito da su suna tafiya cikin taɓo da santsi. Malaman mazhabar Malikiyya sun lissafa ruwa mai ƙarfi, da taɓo, da rashin lafiya, da jinya, da kuturta, da tsoro a kan rai ko dukiya cikin uzurorin barin Juma'a. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Sayyidina Umar ya ga wata mata mai kuturta tana ɗawafi, ya ce mata kada ta cutar da mutane, da ma ta zauna a gidanta, ita kuwa ta zauna. Idan taɓon da zai ɓata riga uzuri ne, to cutar da mutum zai ɗauko a sahu bai sani ba, ya kai wa tsohuwar mahaifiyarsa a ɗaki, ta fi cancanta. Ga shi kuma likitoci sun tabbatar cewa mai ɗauke da wannan cuta yana iya yaɗa ta tun kafin ya fara tari ko zazzaɓi, don haka ba a iya tace masu ita a bakin ƙofa kamar yadda ake gane kuturu.

Juma'ar zaure kuwa ba ta inganta a mazhabarmu, domin daga cikin sharuɗɗanta akwai masallacin jami'i, da maza goma sha biyu ban da liman waɗanda za su tsaya tun daga huɗuba har sallama. Wanda ya yi raka'a biyu a zaure azahar tana nan a kansa. Ban da haka, zauren da ba shi da taga, aka cusa mutum ashirin kafaɗa da kafaɗa, ya fi masallacin da aka rufe haɗari, sai a wayi gari an rasa Juma'ar kuma an tara abin da ake gudu.

Abin da ke kanka shi ne azahar raka'a huɗu, karatu a ɓoye, ba huɗuba, kuma mai uzuri irin naka yana iya yin ta cikin jam'i da iyalinsa. Ka shige gaba, 'ya'yanka maza su tsaya bayanka, idan ɗaya ne ya tsaya a damanka, matarka da 'yan mata kuma a bayansu. Haka za ku yi asham tunda azumi ya kama, ita dama yin ta a gida shi ne ya fi a wurin Imamu Malik matuƙar ba a ƙaurace wa masallatai ba, kuma wanda haddarsa ba ta da yawa yana iya duba Alƙur'ani a nafila. Ladan fita kuwa, hadisin Abu Musa a Buhari ya ce bawa idan ya yi ciwo ko tafiya ana rubuta masa abin da ya saba yi yana lafiya a gida, kuma malamai sun haɗa duk wanda uzuri ya tsare da wannan.

Game da tawakkali, a shekara ta 18 bayan hijira Sayyidina Umar ya nufi Sham, yana isa Sarg, wani ƙauye a bakin iyakar Sham, aka sanar da shi annoba ta ɓarke, sai ya yi shawara ya juya da mutane. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take da fita daga cikinsa don gudu. Babu wanda zai ce ya fi Umar tawakkali. Nana A'isha ma ta ruwaito cewa wanda ya zauna a garinsa lokacin annoba yana mai haƙuri da neman lada, ya san babu abin da zai same shi sai abin da Allah ya rubuta, yana da kwatankwacin ladan shahidi.

Na san tela a irin wannan lokaci kayan salla ya kamata a ce sun cika masa shago, ga shi an rufe keken ɗinki, kuma irin wannan ma yana hana barci ko da ba ka ambata ba. Fita neman abinci ko magani a ranakun da hukuma ta sassauta halas ce, tare da rufe baki da hanci da nisantar cunkoso, kuma mai hali a unguwarku ya halatta ya gaggauta zakkarsa da kamar wata guda kafin shekararta ta cika, ya ba maƙwabcin da tukunyarsa ba ta hau murhu ba. Allah ne mafi sani.