Tambaya da Amsa: Wane direba zan rubuta a aikin kammala karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta, na iya C daidai gwargwado. Ina so aikin kammala karatuna ya zama direban wata na'ura a Linux (manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'urar), wata huɗu ke gare ni. Katin Wi-Fi na laftof ɗina nake hange. Zai yiwu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ajiye batun Wi-Fi, haka ma katin hoto. Kamfanoni da yawa ba sa sakin takardar bayanin waɗannan na'urori, sai wata huɗun su ƙare kana lalube. Nemi na'urar da cikakken bayaninta ke hannunka, rijistocinta (ƙananan ma'ajiyar lambobi da ke cikinta) kuma 'yan kaɗan.

Shawararmu ita ce BMP280 na Bosch, ma'aunin zafi da matsin iska, haɗe da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Waya huɗu ce kawai: wutar 3.3V, GND, SDA a fil na 3, SCL a fil na 5.

Amma makonni biyun farko kada ka taɓa waya. Rubuta ƙaramin direba mai read da write cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, ka saba da umarnin insmod, rmmod da dmesg. Kuskure ɗaya a kanel, wato zuciyar Linux, yana iya daskarar da kwamfuta gaba ɗaya, gara ta bogi ta daskare.

Idan ka haɗa, kunna I2C, hanyar da na'urar ke magana da Pi ta wayoyin SDA da SCL, ka buga i2cdetect -y 1. Ya kamata ka ga adireshin na'urar, 0x76 ko 0x77. In babu, duba wayoyinka kafin ka zargi manhajar da ka rubuta. Daga nan karanta rijistar 0xD0. Ta dawo da 0x58, BMP280 ne. 0x60 kuwa BME280 aka sayar maka, wata na'ura daban mai kama da ita.

Ga inda ɗalibai ke yawan maƙalewa. Na'urar tana tashi ne cikin barci, sai ka rubuta a 0xF4 take fara awo, in ba haka ba lamba ɗaya za ka yi ta gani. Kuma abin da ke 0xFA zuwa 0xFC ɗanyen adadin zafi ne, sai an gyara shi da lambobin daidaitawa da suka fara daga 0x88. Yi amfani da lissafin cikakkun lambobi da ke takardar Bosch, domin ba a aiki da float (lambobi masu ɗigo) cikin kanel haka kawai.

Linux na da nasa direban BMP280. Ka ba naka suna daban a device tree (fayil ɗin da ke sanar da Linux na'urorin da aka haɗa) don kada wancan ya riga ka kama na'urar, sannan ka kwatanta sakamakon biyun a babin gwaji na rahotonka.