Tambaya da Amsa: Injin Ƙaramin Jirgin Ruwana Yana Zafi Yana Mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni bakanike ne a Suame Magazine, ina zaune a Aboabo a nan Kumasi. Ƙanena ya aiko mini da ƙaramin jirgin ruwa mai rimot wanda injinsa ke shan man naitiro. Idan na sa shi a ruwa yana tashi lafiya, amma bayan minti biyu ko uku sai ƙararsa ta yi tsini, ya mutu a tsakiyar ruwa, kan injin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Na sa masa filtar babur, na kuma faɗaɗa tiyon ruwa, amma babu canji. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙarar da ka ce tana yin tsini kafin injin ya mutu ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin alama ce ta injin da mai ya yi masa kaɗan, iska ta yi masa yawa. A ganina ba ruwa ne ya gaza ba, hanyar mai ce take da matsala, kuma a irin wannan inji ba a raba maganar mai da maganar sanyaya.

Injin motar da ka saba da shi yana da baƙin mai a ajiye a ƙasansa, amma wannan ba shi da ko ɗigo. Man da yake sha gauraye ne na abubuwa uku: metanol, wanda ya fi yawa, da naitirometen mai ƙara ƙarfi, da man shafawa, ko dai na zurma ko wanda aka haɗa da sinadarai a masana'anta ko duka biyun, wanda galibi yake kaiwa kashi 12 zuwa 20 cikin ɗari. Wannan man shafawar ne ke bi ta kan fistin da boris ya fita ta salansa ɗauke da zafi, shi kuma metanol yana sanyaya cikin injin yayin da yake zama tururi. Saboda haka duk abin da ya rage man da ke shiga kafireta ya rage shafawa da sanyayawa a lokaci guda, ko da ruwa yana zagaya kan injin yadda ya kamata.

Ka kwance allurar kafireta, wato wadda ke daidaita yawan man da ke shiga, ka ɗaga ta a hasken rana ka ga sirintar bakinta. Tazarar da mai ke bi a wurin ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har zare ɗaya na tsumma ko ƙwayar ƙurar hunturu ta isa ta toshe rabinta. Ka cire filtar babur, domin an yi ta ne don fetur, kuma girmanta yana tara kumfar iska. Abin da ya dace shi ne ƙaramar filta ta alminiyom mai ragar ƙarfe, wadda aka yi don man naitiro, a sa ta tsakanin tanki da kafireta, a kuma sa wata a tiyon da kake ɗura mai da shi, tunda yawancin datti daga galan yake zuwa. Irin wannan filta biyu take rabuwa, da zoben roba a tsakani. Idan zoben ya tsage, injin zai riƙa zuƙar iska ta wurin ba tare da ka ga mai yana ɗiga ba. Ka tayar da injin ka zuba wa tiyon ido: idan ka ga ƙananan kumfa suna jerin gwano zuwa kafireta, ka kama ɓarawonka.

Tiyon kansa ya zama na silikon. Ka duba wanda ya taso daga salansa zuwa tanki, domin matsin hayaƙi ne ke tura man, kuma idan ya huje injin zai yi daidai abin da ka bayyana yayin da tanki ke raguwa. Kada tiyon mai ya jingina da salansa, saboda metanol yana tafasa a wajen digiri 65 na ma'aunin Celsius kacal. Bayan duk wannan, ka buɗe allurar ta hagu, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a kowane gwaji, har ka ga siririn hayaƙi yana bin jirgin a guje.

Game da ruwa, jirgin ba shi da famfo. Gudunsa ne ke cusa ruwa ta wani ɗan rami da ke jikin ƙarfen juya akala ko bayan farfela, ruwan ya zagaya kan injin ya fita ta gefe, don haka kada ka daɗe kana ba shi wuta a kan tebur. Idan ya wuce ta gabanka ka duba ko ruwan yana fita tsiri-tsiri, kuma ka busa tiyon bayan kowane wasa, domin gansakuka da yashi suna toshe ramin. Faɗaɗa tiyon da ka yi ma yana iya zama illa: silindar yawancin waɗannan injina tana da matsi a samanta, sai ta ɗauki zafi ta buɗe fistin yake sakewa, kuma injin da ya yi sanyi fiye da kima yana wahalar da sandar fistin. Ka mayar da tiyon asali.

Idan Tafkin Bosomtwe kake zuwa, ka nemi izinin mutanen garuruwan bakin tafkin, domin suna girmama shi kuma suna kamun kifi a cikinsa. Madatsun Owabi da Barekese kuwa ruwan shan Kumasi ne, kada wannan mai ya kusance su.

Tambaya: Malam, na ajiye rabin galan na man naitiro tun damina, yanzu injin yana wuyar tashi. Ko man ya lalace? Daga wata mai karatu a Asawase.

Amsa: Malama, da alama ya sha ruwa. Metanol yana jan laima daga iska, kuma a danshin daminar Kumasi galan da ba a rufe da kyau ba yana lalacewa da sauri. Filta ba ta raba ruwa da metanol, don haka ki gwada sabon mai da sabon fulogi. Nan gaba ki matse murfin sosai, ki ajiye galan a inuwa nesa da yara da murhu, domin metanol guba ne kuma harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai da rana. Idan an gama wasa a zuƙe man tanki, a bar injin ya ƙone abin da ya rage, sannan a ɗiga man kariya kaɗan ta kafireta a juya injin da hannu don kada boris ya yi tsatsa.