Kwana a Ginin Tadao Ando

Tambaya: Malama, ni ɗalibin zanen gine-gine ne, zan je taro Japan. Wane ƙaramin otal ya kamata in kwana ko da dare ɗaya ne?

Amsa: Ɗana, nufi tsibirin Naoshima, minti 20 a jirgin ruwa daga tashar Uno. Can Benesse House yake, zanen Tadao Ando, fitaccen mai zanen gine-gine ɗan Japan, an buɗe shi a 1992. Gidan adana kayan fasaha ne mai ɗakunan kwana. Bangon kankare ne zalla, ba fenti, ka dai lura da yadda yake shigo da haske. Bayan an sallami masu ziyara da dare, masu kwana kan ci gaba da zagaye. Ni sashen Oval na fi so, ɗakuna 6 kacal a kan tudu. Akwai tsada fa, kuma ka kama ɗaki tun da wuri, ka yi musu maganar abincin halal.