Amsa: Objektif mai alamar ∞ ya ƙi fitar da hoto

Malam, ka ce ka ɗaura objektif (lens ɗin gaba) na madubin likita mai ninki 10 a kan bututun kyamara kai tsaye, hoton idon ƙuda ya fito dishi-dishi. Kayanka lafiya lau suke. Alamar ∞ da ke jikinsa na nufin shi kaɗai ba ya tara haske a kan sensa (ɓangaren kyamara da ke karɓar hoto), sai an sa masa wani lens a tsakani.

Nikon da Mitutoyo sun ƙera nasu don lens na tsakiya mai milimita 200, Olympus kuma 180. Kana da lens na ɗauko nesa mai 200? Murɗa shi zuwa nesa ta ƙarshe, ka buɗe ƙofar haskensa duka, ka ɗaura objektif a gabansa da adafta, ninki 10 zai fito idan na Nikon ko Mitutoyo ne. Da mai 135 za ka samu kusan 6.75, amma a babbar sensa kusurwoyi na iya yin baƙi. Ni dai lens ɗin Raynox DCR-150 na fi so a tsakiya: kusan milimita 208 ne, ga sauƙin kuɗi.

Bayan haka ne aikin gaske zai fara. A ninki 10, zurfin da ke fitowa tsaf bai kai maikiron 10 (kashi ɗaya cikin ɗari na milimita) ba, gashin kai ya fi shi kauri sau da yawa. Dole ka ɗauki hotuna ɗari ko fiye, kana matsar da kyamara kaɗan-kaɗan, sannan ka haɗa su da manhajar Zerene Stacker ko Helicon Focus. Yi amfani da filasha, ka kewaye ƙudan da farar takarda, ka kashe fanka, don ko takun ƙafa na girgiza hoton.

Da 160 aka rubuta a jikin objektif ɗin maimakon ∞, da bututun kaɗai ya wadatar.