Tambaya da Amsa: Laftof ɗina ta ƙi ɗaukar God of War

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na sayi laftof ta hannu, HP EliteBook mai Core i5 da RAM 8GB, mai shagon ya ce tana ɗaukar komai. Wani abokina ya zuba min God of War, amma da na buɗe sai hoton ya riƙa tafiyar hawainiya, fanka tana ta kuka, can kuma wasan ya rufe kansa. Me zan ƙara mata ta ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya ɗaci gare ta, amma babu abin da za ka ƙara wa wannan kwamfuta ta ɗauki God of War yadda za ka ji daɗinsa. Mai shago bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba. Tana ɗaukar komai na ofis da makaranta, don aikin da aka ƙera ta ta yi ke nan.

Matsalar ba ta RAM ba ce, ta katin hoto ce, wato sashen da ke zana hotuna a allo. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag, ka shiga shafin Display. Ina da yaƙinin za ka ga an rubuta Intel HD ko UHD, wato ɗan guntun da ke manne cikin furosesa, wanda ba shi da rumbun kansa sai dai ya ci daga RAM ɗinka. Shi kuwa God of War, da ya fito a PlayStation 4 a 2018 aka kawo shi kwamfuta a Janairun 2022, mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne katin GTX 960 mai 4GB, da filin ajiya 70GB. A irin laftof ɗinka kuma ba a cire katin hoto a sa wani. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sa maka, riƙe aljihunka.

To amma in abin da kake nema shi ne wasan sara da suka mai sauri, ga wanda nake bugawa a kan kwamfuta kusan irin taka: Hades, na kamfanin Supergiant Games da ke Amurka, wanda ya fito a Satumban 2020. RAM 4GB kawai yake nema, da fili kamar 15GB. Tatsuniyar Girkawa ce. Kai ne Zagreus, ɗan sarkin ƙarƙashin ƙasa, kana ƙoƙarin tserewa daga gidan ubanka, kana ratsa ɗaki bayan ɗaki a yankunan ƙarƙashin ƙasar, daga Tartarus zuwa Asphodel zuwa Elysium. Makamai shida ne, ni dai mashi na fi so, don ana jifa da shi ya dawo hannu ya sake sukar wanda ya tsallake. Idan aka kashe ka sai ka farfaɗo a gida, uban ya yi maka ba'a, ka sake ɗaura ɗamara. Na kai mako biyu Megaera, mai tsaron ƙofar farko, tana tsula min bulala kafin na gane cewa kaucewa ta fi kai hari amfani. In abin ya ishe ka, akwai God Mode, wanda ke rage maka zafin duka da kashi 20 cikin 100, yana ƙara kashi 2 duk sanda ka mutu.

A irin wannan wasa santsin motsi ya fi kyawun hoto. Sauke girman allo zuwa 1280 a 720, ba za ka yi nadama ba. Ka jona caja kafin ka fara, domin a kan batir kwamfutar rage ƙarfinta take yi, shi ya sa da an ɗauke wuta za ka ga wasan ya fara tsinkewa. Kada kuma ka ɗora ta a kan katifa. Tawa da na buɗe bayan hunturu, abin da na ciro daga bakin fanka kamar audugar fulo, ja wur da ƙura. Bayan na share na sa sabon man sanyaya furosesa, kukan ya ragu sosai. Idan RAM ɗinka sanda ɗaya ce kuma akwai gurbi na biyu, ƙara mata 'yar'uwarta mai girma ɗaya, don katin Intel yana samun sauƙin numfashi da sanda biyu. Wannan kaɗai ne kuɗin da zan ce ka kashe a kan kwamfutar.

Shi kuma wancan da abokinka ya zuba maka, goge shi, ka bar Windows Defender, manhajar tsaro ta Windows, ya bincike kwamfutar tun daga tushe. Wasannin da ake yawo da su daga hannu zuwa hannu sukan zo da baƙin da ba a gayyata ba. Hades yana Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, kuma sukan karya farashi a tsakiyar shekara da ƙarshenta. Ka sauke shi da datar dare.