Amsa: Sai na sanar da maƙwabta kafin in nemi izini?

Malam, ka tambaya ko dole ne ka sanar da maƙwabta kafin ka nemi izinin mayar da gidanka shaguna. Ya danganta da dokar hukumar tsara gari ta yankinku. A wurare da dama ana aika wa masu filayen kusa wasiƙa, a kafa allon sanarwa, a ba da wa'adin ƙorafi. Ka tambayi ofishin iyakar nisan da suka ƙayyade. Mai gidan ake nema fa, ba ɗan haya ba.

Ni dai ko doka ba ta tilasta ba, zan ɗauki zanen ginin in yi musu sallama, don wanda ya wayi gari ya ga tifar yashi a ƙofarsa shi ke fara kai ƙara. Ka adana shaidar aika kowace wasiƙa.