Kwamfuta Za Ta Iya Gano Cuta Kamar Mai Maganin Gargajiya?

Tambaya: Mahaifina mai maganin gargajiya ne, ga shi tsufa ya kama shi. Na ji ana zuba sanin irinsu a kwamfuta ta riƙa gano cuta. Yaya ake yi, kuma abin dogaro ne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ana yi, kuma ba yau aka fara ba. A shekarun 1970 Jami'ar Stanford ta Amurka ta ƙera MYCIN, manhaja mai ƙa'idoji kusan 600 don gano ƙwayoyin cuta a jini. A Sin kuwa, ƙarshen shekarun ne aka gina wata a kan sanin Guan Youbo, likitan gargajiya a Beijing da ya shahara kan ciwon hanta.

Za ka zauna da Baba ka tambaye shi cuta ɗaya bayan ɗaya: me yake dubawa, me yake tambaya, me ke sa ya canza ra'ayi. Kowace amsa a mayar da ita "idan kaza, to kaza": idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ga kasala, to ciwon shawara ne. Kowace ƙa'ida a ba ta makin tabbaci, domin alamu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Manhajar sai ta yi wa majiyyaci tambayoyi, ta haɗa makin, ta faɗi abin da take zato da dalilinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunayen cututtukanmu. Abin da ake kira shawara yana iya zama ciwon hanta na B, ko maleriya mai tsanani, ko sikila, ko toshewar hanyar matsarmama, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Haka basir: zubar jini ta dubura wani lokaci sankarar hanji ce. Gwajin jini ko na asibiti ne kawai zai rarrabe su. Sannan yawancin sanin tsoho a ido da hannu yake, bakinsa ba zai iya faɗarsa duka ba, abin da bai faɗa ba kuwa kwamfuta ba ta da shi.

Shawararmu, ka fara da alamun haɗari: jijjiga, suma, aman jini, numfashi da ƙyar, zubar jini ga mai ciki, yaron da ya kasa shan nono. Da ɗaya ta bayyana, manhajar ta tsaya ta ce a tafi asibiti. Kafin a yi aiki da ita, likita ya bi ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, a kuma gwada hukuncinta da sakamakon gwajin asibiti na majiyyata na gaske.